Awo Ya Cika, Nauyi Bai Cika Ba

Kafin ku ci gaba da jero min addu'o'i a ƙasan rubutun nan, ku tsaya ku karanta na yau tukuna. Wata baiwar Allah ta rubuto min cewa in gode wa Allah da na samu namijin da bai ƙyamaci baƙin mai a farcena ba. Na gode, 'yar'uwa. Ni ma haka na ɗauka. Sai dai yau ba laifinsa kaɗai na zo faɗa muku ba, nawa ne a gaba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, mu uku ne kuma duk mata. Yayyena biyu suna ɗakunansu, ni kuwa shekarata ashirin da bakwai ina garejin Baba. Baba kaniken birki ne na manyan motoci, ya haura shekara talatin yana yi. Akwai kamfanonin da ba sa karɓar kayan birki daga hannun dillali sai Baba ya duba, ya buga ɗigo uku da ƙusa a gefen ƙarfen, ya sa hannu a takarda. Gidan haya muke, motar hawa ma ba mu da ita. Ɗigo ukun nan su ne dukiyarmu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, shekara biyu ke nan idon Baba ya kusa tafiya gaba ɗaya. Yana ganin inuwar mutum, yana gane hasken ƙofa, amma lamba ko an rubuta ta kamar taya ba zai karanta ba. Ni nake ɗaura ma'auni in karanta da ƙarfi, shi kuma ya sunkuya da tabarau a karan hanci ya ce, "Haka ne." Kowa ya ɗauka aiki yake koya min. Sauran kuwa hannunsa ne ke yi masa: ya ɗaga ƙarfe ya ji nauyinsa, ya shafa, ya zura yatsa. Ni da Umma muka riƙe wannan sirrin. Sai kuma mutum na uku, wanda ni na gaya masa da bakina, wata ranar Lahadi a cikin motarsa, ina kuka yana miƙo min hankici.

A layin garejinmu Mai Kwantena suke ce masa, saboda shigo da kayan gyara yake yi daga waje. Wata takwas da suka wuce ya fara zuwa, da farar riga mai guga da agogo mai baƙar fata, ya dire kwali a gabana.

"Baba ba ya nan?"

"Ya fita. Me aka kawo?"

"Fad ne na birki, sabon shigowa. Ba ƙara, ba ƙura, taya tana nan fes kamar an wanke."

Na ciro ɗaya na juya shi na mayar. "Wannan haɗin na ƙaramar mota ne. Motar da ta ɗauko mutum talatin a gangara ina ruwanta da tsaftar taya? Kawo mai haɗin ƙarfe. Zai yi kuka, zai yi ƙura, amma in ya ɗau zafi yana riƙewa."

Ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da dariya. "To, Injiniya, na ji. Kwalin zan ɗauke, amma ni zan dawo."

Ku fahimce ni. Maza uku sun zo kafin shi. Na farko ya ce in bar gareji, na biyu uwarsa ce ta kalli hannuna ta taɓe baki, na uku ko sallama bai yi ba ya ɓace. Wannan kuwa zama yake a kan tsohuwar taya yana tambayata me ya sa faifan birki ke tsagewa, yana sauraro kamar mai ɗaukar darasi. Ban taɓa sanin daɗin a saurare ni haka ba. Na so shi. Ba wanda ya tura ni.

A gida kuwa kamar an kunna fitila. Umma ta sauya labulen falo, ta fito da kofunan nan masu bakin zinare da ko mu ba ma taɓawa. Goggo, ƙanwar Baba, ta tare a gidanmu tun da aka ce iyayensa za su zo ganin Baba ranar Asabar ɗin nan.

"Uwar kanikawa," in ji ta, "ki jiƙa hannun nan a ruwan ɗumi kullum har Asabar. Kada surukarki ta miƙo hannu ta ɗauka sifana ta kama."

Ana cikin haka Mai Kwantena ya samu kwangila. Akwai wata masana'anta a kan tudu, can bayan gari, mai bas goma sha biyu na ɗaukar ma'aikata. Daga ƙofarta zuwa ƙasa gangara ce ta kilomita bakwai, da lanƙwasa huɗu, a ƙarshenta kuma mahaɗar hanya ce da masu talla suka cika. Za a sauya wa bas ɗin duka faifan birki na gaba. Na kamfanin da ya ƙera motar ya yi tsada, sai suka yarda a kawo na wani kamfani, da sharaɗin Baba ya duba samfurin.

Bari in yi muku bayanin faifan a gajarce, don a nan maganar take. Ƙarfe ne zagayayye da ke juyawa tare da taya, fad ya matse shi mota ta tsaya. Na babbar mota fuska biyu ne, da rami a tsakaninsu inda iska ke bi, da haƙarƙari da suka haɗa fuskokin. Duk zafin tsayar da mota cikin naman ƙarfen nan yake shiga. Masu son arha sun gano dabara: su bar kaurin waje yadda yake, su faɗaɗa ramin ciki, su rage haƙarƙarin. In ka ɗaura ma'auni daga waje, lamba ta cika cif. Amma naman ya ragu. Sai ka ɗaga, ko ka zura yatsa, kafin ka gane.

Ranar Litinin da hantsi Mai Kwantena ya zo da samfurin, tare da wakilin masana'antar da takardunsa. Baba ya tashi daga kujerarsa ya nufi bayan motar da aka kawo shi a ciki da hannuwa a miƙe, kamar yadda ya saba. Sai Mai Kwantena ya yi wuf ya riga shi.

"Haba Baba! Ina tsaye ka ɗauki ƙarfe? Allah ya kiyaye. Zauna, ni zan kawo."

Kanikawan layi suka yi ta shewa. "Suruki na gari! Oga, ka huta, ka samu ɗa!" Baba ya yi murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba, ya koma ya zauna. Mutumin da bai haifi namiji ba, ga wani yana rusuna masa a gaban jama'a. Mai Kwantena ya ɗauko faifan da kansa, farar rigarsa har ta ɓaci, ya dire shi a kan benci, ya tsaya dafe da shi.

Na ɗauko ma'auni. Da na kama gefen faifan don in daidaita, yatsuna biyu suka shige ramin iskar. Biyu. A na asali yatsa ɗaya ne ke shiga, shi ma da ƙyar. Na ɗaga kai, Mai Kwantena ya sakar min murmushi.

"Nawa, Uwata?" in ji Baba.

"Talatin da huɗu."

"Na kamfani fa?"

"Talatin da huɗu."

Ya sunkuya, ya yi ɗan jim, ya ce, "Haka ne." Ya laluba gefen ya buga ɗigo uku. Na aza yatsa a kan layin takardar kamar mai riƙe ta kada iska ta ɗauke, ya sa hannu.

To ga tambayar da ta hana ni sukuni, ku taya ni. Ban yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ni na faɗa, kuma gaskiya ne, ko gaban alƙali zan maimaita. Amma na san ba lambar Baba yake nema ba. Abin da yake tambaya shi ne, in buga ko kada in buga? Ni kuma na amsa wadda ta fito daga bakinsa, na bar wadda ke ransa. Wannan me sunansa?

Da yamma saƙon Mai Kwantena ya shigo: "Injiniyata, yau kin fitar da ni kunya. Wace kala za ki sa ranar Asabar, in sa irinta?"

Na rubuta, "Faifan nan," na goge. Na rubuta, "Shuɗi mai duhu."

Ranar Talata na ce wa kaina wataƙila yatsuna ne suka rame. Samfurin yana nan a ƙarƙashin benci. Da Baba ya fita sallar azahar na jawo sikelin da muke auna tsoffin ƙarafa. Tsohon faifan asali, wanda ya riga ya cinye a hanya, kilo goma sha tara. Sabon, wanda ko kwalta bai taɓa gani ba, sha biyar da rabi. Na ƙirga haƙarƙarin, arba'in da takwas a wancan, talatin da shida a wannan. Na sake ƙirgawa har sau uku, kamar za su haihu.

Ranar Laraba tela ta kawo ɗinki. Doguwar riga ce shuɗiya mai duhu, da aikin zare ruwan azurfa a wuya da bakin hannu, da mayafi mara nauyi. Na sa, Goggo ta zagaye ni tana tafa hannu.

"Ashe mace ce! Wallahi na ɗauka injin nika yayana ya haifa."

Da ta fita amsa waya, na rufe ƙofa na gaya wa Umma komai, ina tsaye cikin rigar, alluran tela suna sukata a kugu. Ta saurara tana ninke ledar ɗinkin har ta zama 'yar mitsitsiya.

"Awon ya cika ko bai cika ba?"

"Ya cika, Umma, amma..."

"Ubanki ya sa hannu?"

"Ya sa."

"To me kike nema? Ke kika ƙera motar? Su masu masana'antar ba su da injiniyoyi sai ke?"

"Mutum talatin ne a kowace mota."

"Rai a hannun Allah yake." Ta matso, ta rage murya. "Ki gaya min, in kin je kin ce ba shi da kyau, me za su tambaya? Za su ce yaya aka yi Oga bai gani ba. Sai ki ce musu me? Shekara biyu ina tafiya a bayansa ina kawar da kujera daga hanyarsa don kada a gane. Ranar da aka gane, ko tayar keke ba mai kawo masa. Kuma uban nan naki, a gidansa bai san inda butarsa take ba, garejin nan ne kaɗai inda yake da ido. Ki cire masa shi, ki ga ko zai kai baɗi."

"Umma..."

"Kuma ki dube ni. Na gaji da amsa tambayar mutane a kanki. Na gaji. Cire rigar kada ki ɓata."

Kada ku zage ta. Ban taɓa jin Umma ta faɗi abin da ba gaskiya ba, ranar ma ba ta faɗa ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan a duk maganar nan: kowa gaskiya yake faɗa.

Jiya Alhamis da safe Mai Kwantena ya turo hoto, bas shida a jere an gama ɗaura musu. "Yau ƙarfe huɗu za su koma aiki. Sauran shida mako mai zuwa. Ki yi mana addu'a." Na ce ina son ganinsa. Ƙarfe biyu ya zo, ya tsaya a bakin layi inda ya saba. Motar tana ƙamshin turaren nan nasa, sanyi yana busowa, ga leda a kujerar baya da takalmin da ya saya min.

"Sha biyar da rabi," na ce.

"Me ke nan?"

"Nauyin faifanka. Na asali sha tara."

Bai firgita ba. Ya rage sautin rediyo kawai. "Injiniya ke nan. Na san sai kin auna."

"Ka sani?"

"Na san ya fi sauƙin nauyi. Ƙarfen zamani ne. An sayar da dubbai irinsa, kin ji wani ya mutu?"

"A gari, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Wannan gangara ce ta kilomita bakwai da mutane cike. Zai yi ja, ya lanƙwashe, ya fara tsagewa. Wata rana direba zai taka ya ji kamar ya taka soso."

"Yau?"

"Ban sani ba."

"Wannan watan? Bana?"

"Ban sani ba."

"To kin gani. Abin da ba ki sani ba za ki rushe mana wanda muka sani." Ya juyo sosai. "Da farashin da suka yanka min, ba wanda zai iya kawo mai nauyin da kike so. In ban kawo ba wani zai kawo wanda ya fi wannan muni. Wata shida kawai, in na tsaya da ƙafata ni da kaina zan sauya musu. Don wa nake yi? Gidan da za ki zauna fa?"

"Ranar Litinin, da ka hana Baba ɗauka. Ladabi ne, ko tsoron hannunsa?"

Ya murza sitiyari da babban yatsa. Wallahi da ya ce ladabi ne, da na yarda. Neman abin yarda nake.

"Duka biyun," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba." Sai ya ƙara da murya mai laushi, irin wadda yake kirana da ita: "Amma ki tuna, ni kaya na kawo. Ke kika auna. Baba ya buga. In magana ta tashi, ni zan ce ƙwararre ya duba min. Za a tambayi ƙwararren da me ya duba. Ni ba zan so a kai nan ba. Ke ma na san ba za ki so ba."

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Yana cewa, "Takalminki, Injiniya," na rufe. Sirrin da na ba shi ina kuka, ya adana shi tsaf, ya ciro ranar da yake da amfani.

Uku da kwata na shiga gareji. Baba yana kan kujerarsa shi kaɗai, kanikawa suna can ƙarƙashin wata tanka a waje. Na jawo samfurin, na ɗora masa a cinya. Ya sa hannu biyu ya ɗaga, ya sauke. Bai ko zura yatsa ba.

"Kilo uku ya rage, ko fiye," ya ce.

"Uku da rabi. Baba, ka yafe ni. Tun ranar Litinin na..."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Da ya dire shi a benci na ji ƙararsa. Cikakken faifai in ya sauka, benci ne ke amsawa. Wannan kuwa shi ya yi ƙara, kamar murfin tukunya. Idona ne ya tafi, Uwata, ba kunnena ba."

"To me ya sa ka buga?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Na tambaye ki nawa, na jira. Na ce yanzu za ta ce, Baba, ɗaga ka ji. Shekara goma kina gefena, ba ki taɓa barin ko ƙaramin aibi ya wuce ba. Da na ji kin faɗi lamba kin yi shiru, sai na ce a raina, ashe haka take son yaron nan. Na ce na ci ƙuruciyarta a cikin baƙin mai, na mayar da ita sandata. Abu ɗaya ta taɓa nema a wurina, shi ma ba da baki ba. Sai na buga."

Kun ji. Ni na yi shiru ina cewa don rufin asirinsa ne, shi ya yi shiru don aurena. Kowa ya yi wa ɗan'uwansa alheri, da wuyan mutum ɗari da tamanin da ba su san da mu ba.

"Kwana uku ba na iya haɗiye abinci," ya ce. "Ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura ashirin."

Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro tsohuwar wayarsa mai maɓallai, ya miƙo min. "Lambar manajan motocin masana'antar tana ciki. Ni ba na ganin ta. In kin danna, ki san babu Asabar, babu gareji, uwarki kuma ba za ta yi miki magana ba sai an daɗe. In ba ki danna ba, ba zan taɓa tayar miki da zancen ba har in mutu. Ba zan ce miki yi ko bari ba. Na riga na zaɓa sau ɗaya, kin ga abin da na zaɓa."

Na so ya ba ni umarni. Na so ya daka min tsawa, don gobe in samu wanda zan ɗora wa. Ya ƙi. Tawa wayar tana ta rawa a aljihu, na san ko waye.

Kada ku yaba min. Minti shida na yi a tsaye ina kallon lambar, agogon bango yana gabana, na ƙirga su. A cikin minti shidan nan ba fasinjoji nake tunani ba. Shuɗiyar rigar nake tunani, da yadda ta zauna min.

Na danna. Ta yi ƙara sau huɗu.

"Oga! Ina wuni? Kayanku sun yi kyau, sai ƙyalli."

"Ba shi ba ne, 'yarsa ce. Ranka ya daɗe, bas shidan nan kada ko ɗaya ta sauka gangara. Faifan bai kai nauyi ba."

"Kamar yaya? Ga sa hannun Oga a gabana. Shi bai gani ba ne?"

Na kalli Baba. Ya gyaɗa kai, fuskarsa tana kallon inda yake zaton nake, ya ɗan kauce kaɗan.

"Bai gani ba. Shekara biyu ke nan ba ya gani. Ni na auna, ni na gane, ni na yi shiru."

Na ji numfashin mutumin. Na ji ya ture kujera, ya buɗe taga, yana ƙwala wa mai gadi kira a rufe ƙofa. Sai ya dawo kan wayar, muryarsa ta sauya.

"Yau an tashi da wuri, 'yata. Na tare bas huɗu. Biyu sun riga sun fita."